Akushin Baƙi

Jama'a, Lin, ƙawata 'yar China, ta samu biza! Ta samu! Yanzun nan saƙonta ya shigo, ina cikin bas, na kurma ihu har direba ya leƙo ni ta madubi. Wata mai kamawa tana Greensboro, a gidanmu, a kan katifata. Kuma wallahi ni ɗin nan mai tsalle, ni ce na kusa hana ta zuwa bara, saboda wata kalmar Hausa guda da na ji a karkace tun ina 'yar shekara tara. Bari in ba ku daga tushe, babban yatsana ya riga ya ɗau zafi.

Sunana Balkisa. A goye aka kawo ni daga Damagaram, na tashi a wani apatmen bayan High Point Road, hawa na biyu, saman wasu 'yan Vietnam. Baba na jan tasi, Mama na aikin yamma a kamfanin safa. Wadda ta riƙe mu ita ce Iya, mahaifiyar Baba. Wata uku ta zo yi, har yau ba ta gama wata ukun ba.

Iya ba ta yarda da komai na ƙasar nan ba. Madarar galan? "Wace saniya ce nononta zai kwana goma bai yi tsami ba?" Na'urar hayaƙin nan ta jikin silin kuwa, ɗan rahoton mai gida take ce mata, don da ta kunna turaren wuta sai ta hau tsuwa. Da ta ga babu halin hura wuta a ɗaki, sai ta jawo wata tsohuwar hita mai ƙarafa biyu da ke yin ja kamar garwashi, ta girke ta a tsakiyar falo. Ana idar da magariba za ta kashe fitila, ta miƙe ƙafa, mu kewaye hitar, ni da 'yan matan maƙwabta biyu, muna ɓarar gyaɗa.

"Ga ta nan tafe, ta shigo Amirka ba biza."

"Ta zo mu ji ta!"

Muna jin Hausa, amma da Turanci muke mayarwa, shi ya sa take kirana Baturiya. Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini. Ɗaya ce ta maƙale.

Wai wata tsohuwa ce mai gida a bakin hanyar fatake. Tana da akushi guda da ta rataye can sama a ragaya, ko jikokinta ba su isa su taɓa shi ba. Akushin baƙi ke nan. Rannan sai ga wata yarinya ta ɓace wa ayarinsu, kyakkyawa, baƙa wuluk, ƙafa duk kaushi. Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa. Ba ta ce zo ki sa hannu da 'yan gida ba. Ta sauko da akushin nan, ta wanke shi shi kaɗai, ta zuba tuwo, ta kai mata zaure. Yarinya ta ce a ranta, a'a, me ya sa ni kaɗai? Ta faki ido ta juye tuwon a bayan rumbu. Kwana uku tana haka. A na huɗu ta sulale da yunwarta. Inda ta zubar kuwa, dabino uku suka tsiro, tsohuwa ta yi ta ci har ƙarshen ranta. Ita yarinya har yau tana kan hanya.

"Wanda aka ba akushin baƙi ya zubar, rabonsa ya zubar," in ji Iya. "Ƙurunƙus, kan wadda ba ta yi aikin lakkwal ba. A tashi." Lakkwal ita ce makaranta a bakin Iya.

To ku ji inda aka samu matsala. A shekarar ce tica ta nuna mana hotunan da: famfon Turawa daban, na baƙaƙe daban, da kantin nan na cikin garinmu da aka hana ɗalibai baƙaƙen fata zama su ci abinci. Na san baƙo, na san baƙuwa, amma in mutane da yawa za su zo gidanmu, "bizitos" Mama ke cewa. Saboda haka ni a kaina lissafi ya fita tsaf: baƙar yarinya, akushin baƙi, a zaure ita kaɗai. Muguwar tsohuwa! Sau ɗaya na tambaya, "Iya, why aka ware ta?" Ta ce, "Ai ba 'yar gida ba ce." Na ce shi ke nan, ko a tatsuniya ma ba mu tsira ba. Na haɗiye abina, shekara takwas.

Bara, a ajin ƙarshe na sakandare, aka zaɓe ni cikin ɗalibai goma sha biyu da za su je China sati uku. Kowa zai zauna a gidan wani ɗalibi, baɗi kuma ɗalibin ya zo naka gidan. Iya ta ce, "Haka kawai mutum ya ɗauki 'yar wani ya ciyar? Me suke nema?" Sai da Baba ya tuna mata an ce a nemi ilimi ko a birnin Sin ne, sannan ta cusa mini ƙuli-ƙuli leda biyu a balis, wato akwatin tafiyata, ta ce kar in yarda da wanda ya cika fara'a.

Kafin mu rabu a birnin Shi'an, malamar da ta rako mu ta ba kowa fom mai ruwan ɗorawa. Ta ce duk wanda aka wulaƙanta ya cike ya kawo, a ranar za a canza masa gida, a kuma cire iyalin daga shirin. Wato ɗansu ko 'yarsu ba za su zo Amirka ba.

Garin kam ya haɗu, ba ƙarya. Mun hau keke a kan ganuwa, mun koyi rubutu da buroshi, tsofaffi sun koya mana motsa jikin nan da ake yi a hankali kamar ana iyo a iska. Amma kallo, tab! A bas, a kasuwa, har wata ta shafa hannuna ta duba yatsanta. Ina murmushi, ina ajiyewa a zuci.

Gidan su Lin, ɗalibar da aka haɗa ni da ita, mu huɗu ne: ita, babanta da ke fita tun asuba, ni, sai kakarta da suke kira Nainai. 'Yar ƙaramar tsohuwa, ba ta jin Turanci ko harafi, ba ta kuma dariya. Daren farko aka jera kwanoni, na kowa fari. Nawa shuɗi, an ɗaura masa jan zare a gindi. Tsinkayen cin abincina ma da jan zare. Abincina daga wata tukunya daban ya fito. Na miƙa tsinke zan ɗebi ganye daga farantin tsakiya, sai ji na yi ƙwas! Nainai ta buge mini tsinke da nata. Da aka gama, ta wanke kwanona ita kaɗai da wani soso daban, ta sa a leda, ta ɗora can saman kabad.

Can sama. Kamar ragaya.

Na ce wa Lin, "Me ya sa nawa daban?" Lin ba ta cika magana ba, Turancinta na littafi ne, kullum kuma tana lesin. Ta yi tunani, ta ce, "You different."

Oho. Na gane.

Daga ranar na zama yarinyar tatsuniya. In ɗauki kwano in ce zan ci a ɗaki, in juye a leda, da safe in jefa a kwandon shara na ƙasan bene. Ƙuli-ƙulin Iya ya zama tuwona. Kullum kuwa sabon abu take dafa mini: yau taliya mai faɗi kamar ɗamara, gobe wani abu kamar ɗanwake da aka cusa wa nama. Ƙamshi kamar ya kashe ni. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ni ina kallonta. Na ce ko za ki dafa zinariya, ba da ni ba.

Kwana shida, ƙuli ya ƙare, na cike fom. Na rubuta komai, har da zaren. Na san Lin ta manna taswirar North Carolina a bangon ɗakinta, ta zagaye Greensboro da jan biro. Na ce ba ruwana, ta tambayi kakarta.

Na ce bari in kira gida tukuna. Ƙarfe bakwai na safe a China, bakwai na yamma a Greensboro, daidai lokacin hita. Na je shagon waya, na kankare kati, na buga. Iya ce ta ɗauka.

"Baturiya! Sun sayar da ke ko da saura?"

"Iya, akushin baƙi suka ba ni."

"Madalla! Ashe 'ya'yan mutunci ne."

"Madalla? Iya, don ni baƙa ce fa! Kamar yarinyar tatsuniyar nan! Har takardar ƙara na cike!"

Sai na ji dariya, irin wadda ke haɗe mata da tari.

"Ke, maimaita. Akushin me?"

"Baƙi."

"Ja shi, 'yar nema. Baaaƙi. Baƙo ɗaya, baƙi da yawa. Kwanon da ya fi kowanne a gida, wanda ba a bari yaro ya lasa. Ashe duk zaman nan gaban hitata da kunnen Bature kike saurare?"

"Ai ke kika ce yarinyar baƙa ce wuluk!"

"To a garin namu wa ye fari? Ita tsohuwar ja ce?"

Wallahi na zauna a ƙasa, a bakin shagon waya, mutane na ratsa ni.

"Amma ban ce ki yarda da su ba," in ji Iya. "Ban san su ba. Riƙe takardarki. Sai dai tsohuwa ba ta iya ɓoye kasuwarta. Bi ta ki ga inda take sayo abin da take zuba miki, sannan ki kai ƙara."

Washegari Asabar, Lin ba lesin. Da Nainai ta ɗauki jakarta, na ce mu bi ta. Ko kwana ɗaya ba mu sha ba ta waiwayo ta gan mu. Ta damƙe wuyan hannuna kamar an kama ɓarauniya. Ga kasuwa nan a ƙofar gida, ta wuce ta. Bas ɗaya, bas biyu. Muka sauka a wata unguwa mai lunguna, hayaƙin tsire ko'ina. Ta tsaya gaban wani mahauci mai farar hula. Ya dubi ɗankwalina, ya ce, "Salamu alaikum."

Na kusa manta yadda ake amsawa.

Shi ya ba da labari, Lin na fassarawa. Tun kafin in iso, Nainai ta zo masa da takardar makaranta da ta ce baƙuwarsu Musulma ce, ta ce ita ba ta san yadda ake ciyar da Musulmi ba. Matarsa ta ce mata tukunyar da ta saba da alade kar ta dafa mini a ciki. Ta sayi sabuwar tukunya, sabuwar wuƙa, kwano, soso, ta ɗaura wa kowanne zare don kar a cakuɗa. Ganyen da na miƙa wa tsinke kuwa, da man alade aka soya shi. Kullum sai ta yi bas huɗu saboda naman da nake kai wa shara.

Na ce, "Lin! Me ya hana ki gaya mini?"

"Na gaya miki. Na ce ke daban ce."

Sai Nainai ta yi wata magana a hankali, ba ta kalle ni ba. Lin ta fassara mini.

"Ta ce ta san kina zubarwa. Tana ganin ledar. Ta ce ki faɗi wanne ne ba daɗi, ta daina yinsa."

Jama'a, kun taɓa jin kunya har cikin haƙora? Fom na aljihuna, ina jin kaifinsa a cinyata. Da muka koma, na yayyaga shi na zuba a kwandon sharan nan dai. Da rana na zauna a tebur na ci kwano uku. Na miƙa a ƙara na huɗu, Nainai ta buge mini tsinke, ƙwas, wannan karon tana dariya, haƙori biyu gaba ɗaya.

Tun da na dawo nake zama gaban Iya da littafi ina gyara Hausata, shi ya sa kuka ga ina rubuta wannan da ita. Na kuma yi ta juya abin. Hotunan da tica ta nuna mana gaskiya ne. Matar da ta duba yatsanta ma gaskiya ce, ban yafe mata ba. Kwanon ƙyama da kwanon girmamawa kamanninsu ɗaya: duka a gefe ake ajiye su, duka kai kaɗai ake ba. Daga zaure ba ka bambance su. Yarinyar tatsuniya ba ta da wanda za ta buga wa waya. Ni ina da Iya da kati mai minti goma sha ɗaya, iyakar abin da na fi ta ke nan.

Iya ta riga ta sa wani Alhaji abokin Baba ya taho mata da akushi daga Damagaram saboda Lin, yana saman firij a cikin leda, ko Baba bai isa ya taɓa ba. Jiya take tambayata, "Ita Lin ɗin, me aka hana ta ci?"

"Ba komai, Iya."

"Ban yarda ba. Babu mutumin da ba a hana shi wani abu ba. Tambayo kakarta."

Ku tura wannan ga duk wanda kuka sani da ya tashi a nan yana jin tatsuniya da rabin kunne. In kakarsa na raye, ya je yau ya ce ta maimaita masa, a hankali. Don Allah ku tura.