Kukan Ɗaki-da-Falo a Hawan Kibo

Mun tashi daga unguwar Dutse Uku a Jos ana idar da sallar asuba, mu uku: ni da yayana, direban babbar mota, sai Baba. Keffi muka nufa, wajen yayar Baba, wato gwaggonmu. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma rabon da su ga juna tun kafin a koma tuƙi a hannun dama. Shi ciwon gwiwa da na baya sun hana shi zaman mota, ita kuma idonta ya yi rauni. Kowace sallah sai dai goro da gaisuwa a bakin direbobi.

Motar da muka hau sai na yi muku bayaninta. A hannun wani Baturen kuza da zai koma ƙasarsu na saye ta. Mota ce mai ɗaki a ciki, da gado, da ɗan tebur, da wurin wanke hannu, har da labule. Ƙofar ɗakin a gefen dama take, da matakin ƙarfe da ake jawowa a taka, in za a tafi a tura shi ciki. Mutanen unguwa suka sa mata suna Ɗaki-da-Falo. Abokan sana'ata a kasuwar Terminus, inda nake gyaran rediyo, sun yi mini dariya har sun gaji, wai ba ta ɗaukar fasinja, ba ta ɗaukar kaya, sai ɗaukar ido. Ni kuwa gadon nan na hango, domin da shi Baba zai iya zuwa Keffi a kwance.

Ranar ciniki Baturen ya nuna mini wata ƙararrawa a ƙarƙashin sitiyari. Ya ce abu uku ke sa ta kuka: in man birki ya yi ƙasa, in inji ya yi zafi, da wani na ukun. A na ukun nan gyaɗa kai kawai na yi, hankalina yana kan katifa.

Muna isa Terminus muka tsaya sayen masa mai zafi, wato waina, da burodi, da buhun dankalin Turawa na tsaraba, wanda ya yi araha bana har mai shi ya ƙara mana kabeji biyu. Nan ruwa ya kece, irin ruwan Jos na tsakiyar damina mai zuwa da sanyi da 'yar ƙanƙara. Ba mu fita gari ba sai ƙararrawa ta ɗauki kuka, wani siririn ƙara mai shiga har cikin haƙori. Muka tsaya, Yaya ya lulluɓa da buhu ya duba man birki, yana nan cike. Ya duba lagireto, lafiya lau. Baba daga kan gado ya tambaya ko gyare ne ya kwana a motar.

Muka ci gaba a hankali. Wajen Bukuru ruwa ya tsagaita, bayan ɗan lokaci kukan ma ya ɗauke don kansa. Hanyar nan da damina abin kallo ce. Tsoffin ramukan kuza sun cika da ruwa sun zama tafkuna, gonakin acca sun yi kore shar a bayan shingen ƙerana, ga mata da kaya a kafaɗa suna tafiya cikin hazo ba ruwansu da sanyi. Baba ya ɗage labule yana nuna mana inda ya taɓa aikin awon kuza yana saurayi. Mun wuce duwatsun Riyom, waɗanda aka jera kamar da hannu, sai ruwa ya dawo, ƙararrawa ta dawo tare da shi.

A saman Hawan Kibo na taka birki na ce daga nan ba inda za ni. Duk wanda ya san gangaren nan ya san dalili. Hanya ce mai kwana-kwana a gefen dutse, ƙasa kuma kana hango gawar motocin da birki ya yaudara. Ba zan sauka da mahaifina ba alhali abin da aka ce yana gargaɗin birki yana ta ihu a kunnena. In ban gano abin da ke damunta ba, gida za mu juya. Da na faɗi haka Baba sai ya saki labulen. Wallahi sakin labulen nan ya fi kukan ƙararrawar yi mini ciwo.

Akwai 'yan rumfuna a wurin, inda manyan motoci ke hutawa, da wani makanike mai fara'a. Ya leƙa, ya saurara, ya ce, "Oga, wannan ba wahala. Ka yanka waya, shi zai yi shiru." Yaya ya ce abin da yake faɗa ke nan tun Terminus, motarsa ba ta da ƙararrawa ko ɗaya kuma ga shi da ransa. Na ƙi. Ni mai gyaran rediyo ne, in rediyo tana shii ba na cire mata lasifika in ce na gyara. Muka ɗan yi sama-sama da Yaya, irin ta 'yan'uwa, sannan muka shiga bincike. Mun duba fiyus ɗaya bayan ɗaya. Mun ɗauka rufi ke yoyo, na hau sama na tarar ba ko ɗigo. Mun kashe waifa, mun kashe fitila, mun goge kan batir, kuka na nan. Hantsi ya wuce muna abu ɗaya, muka ci masara gasasshiya a tsaye.

Can rana ta fito, ƙasa ta sha iska. Na murɗa makulli, shiru. Yaya ya ce to a tafi, ni kuwa hadarin da ke haɗuwa a ƙasan dutse nake kallo. Lokacin azahar ya yi, Baba ya ce a ba shi buta. Tun da gwiwa ta hana shi tsugunno, a zaune yake alwala, saboda haka ya zauna a kan matakin ƙofa ya yi abarsa a natse. Muka yi sallah, aka mai da shi gado, na tura mataki ciki, na murɗa makulli don in sake gwadawa. Sai kuka, ga rana tarwai a sama.

Muka tsaya muna kallon juna. Baba ya ɗaga kai daga matashi ya ce, "Ni dai ruwan da na san ya taɓa motar nan tun ɗazu, na butata ne."

Kunya ta kama ni, na shekara ina bin waya amma tsoho a kwance ya riga ni. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin matakin. Ga wani ɗan makunni kamar kan yatsa, da hular roba da ta tsage. Ashe shi ne na ukun: in an tada mota mataki yana waje, sai ya sa ƙararrawa kuka. In ruwa ya shiga ta tsagar nan kuwa, sai ya haɗa wayoyin, ƙararrawa ta ɗauka mataki a waje yake. Na busar da shi da tsumma, shiru. Na ce Yaya ya tsiyaya buta, kuka. Sau uku muka yi haka, har direbobi suka taru suna dariya. Makaniken ya kawo giris da guntun tub na keke, muka ɗaure wurin tam. Aka juye buta guda a kai, ƙararrawa ko tari ba ta yi ba.

Mun sauka Hawan Kibo da giya ta biyu cikin yayyafi, Baba yana jan carbi, Yaya yana taka birkin da babu a gefensa. Muna isa ƙasa sanyi ya tsaya a sama abinsa, muka tuɓe rigunan sanyi. A Akwanga muka ci sakwara da miyar agushi, manja har gwiwar hannu, ga doya jibge a bakin hanya wadda in a Jos ne sai mai albashi.

Rana ta yi ja muka shiga Keffi. Gwaggo ta fito tana laluben bango. Ta shafa fuskar Baba tun daga goshi har gemu, ta ce, "Kai, yaushe ka tsufa haka?" Ya ce, "Ke kika fara, Yaya." Suka yi dariya, suka yi kuka, ni ma na juya na shiga goge gilashin da ba datti. Kwana uku muka yi, yaran unguwa suna layi don leƙen gadon da ke cikin mota.

Ranar komawa da hantsi aka yi sallama, aka kwantar da Baba. Yaya ya shiga gaba yana kokawa da zakaran da aka ba mu. Ni na ɗauka ya rufe ƙofa ya tura mataki, shi ya ɗauka ni na yi. Na tada mota, na sa giya, sai ƙararrawa ta fasa kuka, sama kuwa ko gajimare babu. Raina ya ɓaci. Yaya ya ce, "Na gaya maka a yanke." Na ja birki na zagaya a fusace, ina shirin tsinke wayar da hannuna.

Gwaggo na tarar zaune a kan matakin. Ta lallaɓo ta dawo ba wanda ya lura, ta miƙa hannu cikin ɗakin tana riƙe da na ƙanenta, ba su gama sallama ba. Daga kujerar direba ba a ganin wurin. Na tsaya na jingina da motar. Ta ji motsina ta ce, "Ɗan nan, saurin me kake yi?" Na ce, "Ba sauri, Gwaggo, ku gama."

Mun iso Dutse Uku bayan la'asar cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙararrawa ba ta ce uffan ba. Abin da na koyo a tafiyar nan, in abu yana maka ihu, ko ya saba yin ƙarya, ka nemo dalilinsa kafin ka toshe masa baki. Yaya bai ƙara zancen yanke waya ba. Baba kuwa duk wanda ya zo yi masa barka da dawowa sai ya gaya masa cewa ya tafi da direba da mai gyaran rediyo, amma butarsa ce ta kai mu Keffi.