Albemarle da Sarautar Garin da Ba Kowa

Akwai wani titi a Washington da muke bi in jikata Rifkatu za ta kai ni ganin likita daga Alexandria. Sunansa Albemarle. Na daɗe ina karanta allon a raina, harshena na tuntuɓe. Ran nan dai na tambaye ta ko sunan mutum ne ko na itace. Ta duba wayarta, ta bayyana mini rabi da Hausa rabi da Turanci. Wai asalinsa wani ƙaramin gari ne a Faransa, ma'anarsa farar ƙasa, irin wadda ake shafe ɗaki da ita. Masu garin suka ƙaura Ingila, daga baya garin ya kuɓuce musu, amma sarautar ba ta mutu ba, aka ci gaba da naɗa mutanen da ba su taɓa kwana a can ba. Ɗaya daga cikinsu ma aka sa wa wata gunduma sunansa a nan Virginia, alhali bai taɓa tako ƙasar ba.

Ni kuwa na san irin wannan labari tun ina yaro a kudancin Kaduna.

Bayan an ci tuwo, kakarmu takan zauna bakin murhu tana gasa gyaɗa a kasko, mu kuma mu kewaye ta. Takan ce ga tatsuniya nan tafe, mu matsa mu ba ta wuri. Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Sarkin Marke. Garinsa a kan dutse yake, sai idon ruwansu ya ƙafe, mutane suka sauko suka warwatsu cikin garuruwan wasu. Sarki ya zama manomi kamar kowa, amma bai ajiye sunan ba. A kasuwa ana yi masa ba'a, ana tambayarsa lafiyar talakawansa birai. Sai wata shekara wata tsohuwa ta rasu a baƙon gari, ba wanda ya san danginta. Shi ya zo ya tsaya a kanta, ya faɗi gidansu a kan dutse, da maƙwabtansu na gabas da na yamma. Nan take mutane suka fito daga cikin taro suna kuka, ashe jininsu ce.

Ni a lokacin gyaɗar ce ta dame ni. Na taɓa ce mata sarkin da ba shi da gari ai mahaukaci ne. Ta ɗaga mini ludayi tana dariya.

"Kai mijin nan nawa, bakinka ya fi kanka girma. Garin yana nan, a cikin kansa yake."

Sai da na girma na gane ba tatsuniya ba ce zalla. Marke garin kakanninmu ne, sarautar kuma a gidanmu take. Yayana ya riƙe ta, yana zuwa kowace jana'iza yana jero gidaje. Ni ban taɓa zama na koya ba, ina ganin aikin marasa aiki ne.

Lokacin da Rifkatu ta karanta mini zancen Albemarle, ba a daɗe da binne Yaya ba. Gwaggo Laraba, wadda ita kaɗai ta rage cikin masu sanin gidajen, ta aiko a ce mini sarauta ta faɗo kaina, in na ƙi kuma shi ke nan. Har na shirya amsata: ina Amurka, dutsen ma ban taɓa hawansa ba.

Amma abin ya tsaya mini a rai. Turawan nan sun riƙe sunan garinsu har ya haye teku, sai dai ya iso fanko. Motoci na wucewa ƙarƙashinsa, ba mai sanin ko akwai farar ƙasa a ciki. Namu bai kai ko'ina ba, amma har yanzu akwai mutane a cikinsa, kuma duk suna cikin kan tsohuwa guda da ba ta gani sosai.

Da muka koma gida na sa Rifkatu ta kira mini Gwaggo. Bayan gaisuwa na ce na karɓa, amma ban san ko gida ɗaya ba. Gwaggo ta yi tsaki, ta ce dama ta sani.

"Zauna, ranka ya daɗe," in ji ta. "Za mu fara daga bakin ruwa, mu hau."