Jirgin Wenzu Mai Jan Gashin Baki

Da na dawo Malta bayan shekara tara ina karatu a ƙasar sanyi, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bas ɗin nan mai hawa biyu da ke zagaya tsibirin da baƙi. Gani nake ya mayar da mu abin kallo. Ya kwaso mutane, ya sauke su a bakin ruwan garinmu Marsashlok, su shiga jirgin ruwa a zaga da su cikin tashar jiragen na rabin awa, su ɗauki hoto, su koma. Na daɗe ina ganin babu wani labari a wannan sana'a da ya isa a ɓata masa takarda, kuma har yau ban gama sakin ra'ayin ba. Sai dai akwai Wenzu Ellul, abokin mahaifina, wanda duk abin da ya same shi a tsakanin bas ɗin da jirgin ya same shi.

Mahaifinsa Indri masunci ne da ya zo daga arewacin tsibirin da jirginsa lokacin da ya auri 'yar garinmu. Kowane jirgin kamun kifi a nan yana da idanu biyu a goshi, da wani faffaɗan zane a gefensu da muke kira gashin baki. Na garinmu ruwan ɗorawa ne, na mutanen arewa ja. Indri ya shekara fiye da hamsin a cikinmu bai canja launin ba, don ba a taɓa fentin da mutum ya gada a wurin ubansa. Sai fa in an yi rasuwa a gidan, a shafe gashin bakin da baƙi har shekara ta zagayo. Saboda haka duk yawan jiragen da ke tashar, nasa kaɗai ne mai ja.

'Ya'ya biyu ya haifa. Wenzu, babban, tun yana ɗan shekara takwas yake tsayawa a jirgi kamar a tsakar gida. Ƙanensa Kelinu kuwa teku ba ta karɓe shi ba. Da an fita bakin tasha sai cikinsa ya juya, ya rungume bokiti har a dawo. Daga nan sunan Bokiti ya bi shi. Da ya girma ya bar wa wansa ruwa ya kama sitiyari, ya fara da motar burodi, ya ƙare a bas ɗin baƙi.

Ranar da aka binne Indri wa da ƙanen suka ɓata. Ana zaune a ɗakin girkin gidan, dangi da maƙwabta cike, Kelinu ya kawo maganar wani mai gidan abinci da ke son sayen jirgin ya girke shi a ƙofar shagonsa ya cika shi da furanni. Ya ce kifi ya ja baya, katakon ya tsufa, bayan Wenzu ma ya fara ciwo, a duba dai. Wenzu ya aje kofin shayinsa.

"Kai ne za ka faɗa mini darajar jirgi, Bokiti? Ɗa ɗaya Baba ya haifa. Ɗayan, teku ce ta amayo shi."

Kelinu ya ɗauki hularsa ya fita. Bayan mako guda ya aiko da takarda ya bar wa wansa rabonsa na jirgin, ba gaisuwa a sama, ba sallama a ƙasa. Daga ranar ko ina kwana ba ta sake haɗa su ba.

Abin da ya fi ci wa Wenzu rai shi ne maganar ƙanen ta zama gaskiya. Kifin ya ci gaba da raguwa, bayan ya ci gaba da ciwo. Da shekarar makoki ta cika ya mayar da jan gashin baki, ya cire raga, ya kafa benci biyu da rumfar yadi, ya shiga layin masu zagayawa da baƙi. Ba shi da bakin sana'ar. Turancinsa bai wuce na nuna tsohuwar ganuwa da ramukan gishiri da yatsa ba. Amma yana da abu ɗaya: in ya kai bakin tasha, inda ruwan ke komawa shuɗi mai duhu, sai ya kashe inji na ɗan lokaci, ya bar mutane su ji ruwa yana taɓa katako. Wasu har hawaye suke yi, shi kuwa yana kallon agogo.

Kullum sha ɗaya da minti ashirin bas ɗin yake gangarowa daga tudu ya tsaya daura da coci. Kelinu ba ya sauka. Yana zaune a kujerarsa zai buɗe burodinsa mai tumatir da man zaitun, ya juya fuska wajen coci. Wenzu kuma a daidai lokacin igiyar jirgi take buƙatar naɗi. Taku ashirin ne tsakaninsu, shekara goma sha huɗu suka yi a haka.

Baƙin kuwa da sun sauko sai su wuce jirage biyar, shida, su miƙe wurin na Wenzu. Zaren, mai jirgin da ke maƙwabtaka da nasa, wanda ke da lasifika da tuta da murmushi har kunne, ya rasa gane kan abin.

"Kai tsoho, faɗa mini gaskiya, me kake shafa wa jirgin nan? Fuskarka kamar an hana ka gado, amma su bi ta kaina su zo wurinka."

"Kaya mai kyau ba ya buƙatar lasifika," in ji Wenzu. "Kai dai ci gaba da kiran kasuwa."

Ya yarda da hakan har zuciyarsa. A ganinsa baƙi sun san tsohon jirgi in sun gan shi, kuma kowane cikar benci amsa ce ga mutumin da ke cin burodi a cikin bas.

An yi ƙoƙarin shirya su. Fada, limamin cocinmu, ya yi magana har ya gaji. Rozina, matar Kelinu, duk bikin Ista sai ta kawo wa Wenzu irin kek ɗin da surukarta, mahaifiyarsu, ta saba yi, ta zauna a bakin ƙofa ta ce masa su biyu ne fa kaɗai suka rage, shi bai yi aure ba, ba shi da wani jini bayan wannan. Amsarsa ba ta canjawa: wanda ya fita shi zai shigo, ko sannu ya ce magana ta ƙare. Abin da bai faɗa mata ba shi ne ya daɗe da shirya amsar sannun. Kowace safiya da ya ji ƙarar bas a kan tudu sai ya maimaita ta a ransa. Yana so ya san ƙanensa ya yafe masa kalmar nan ta ɗakin girki, amma ya fi son ya sani ba tare da ya tambaya ba.

Wata Laraba a farkon bazara bas ya gangaro da wata mace a kujerar direba. Da yamma Rozina ta zo, ba kek a hannunta. Ta ce zuciya ce, yana asibiti.

"Ya ce in zo?"

Ta ce bai ce ba.

Wenzu ya gyaɗa kai. Ya shiga ciki ya goge farar rigarsa ya rataye, ya yanke a ransa zai je ran Litinin, bayan cunkoson Asabar da kasuwar kifi ta Lahadi. Kelinu ya rasu ranar Asabar da safe. Rigar dai ta yi amfani, da ita ya je jana'iza, ya tsaya a can baya kusa da ƙofa.

Washegari ya ja jirgin zuwa tudu, ya kankare jan, ya shafa baƙi. Wasu suka ce sai yanzu ya tuna yana da ƙane. Abin da ke cinsa ya fi maganarsu: mutumin ya kwanta kwana huɗu a gadon asibiti bai nemi ganinsa ba. Ke nan da kalmar ya tafi.

Da ya mayar da jirgin ruwa sai sana'ar ta tsaya. Baƙi su sauko daga bas, su yi cirko-cirko a bakin ruwa suna dube-dube, su bi jirage ɗaya bayan ɗaya suna leƙa goshinsu, su wuce nasa kamar ba ya nan. Wasu su faɗa na Zaren, wasu su koma bas. Wenzu ya ɗauka baƙin fentin ne ke korarsu. Zaren ma haka ya gani, har ya ba shi shawara ya mayar da jan, ai mamaci ba ya duba fenti. Wenzu ya ce sai shekara ta cika, ko da zai wuni shi kaɗai.

A mako na uku sabuwar direbar ta kashe mota ta sauko da kanta, ranta a ɓace. Sunanta Pawlina, 'yar wani ƙauye ce a tsakiyar tsibirin, inda suka fi sanin dankali da kifi. Ta bi bakin ruwa tana duba jirage, ta tsaya kan dattijon da ta gani zaune a kan akwati ba ya komai.

"Baba, don Allah, ina jirgin nan mai jan gashin baki ya shiga? Mako uku ina turo masa mutane, suna dawowa suna kallona kamar maƙaryaciya."

Wenzu ya ɗago kai ya tambaye ta wa ya ce ta turo su.

Ta ce wanda ya koya mata hanyar ne, marigayi Kelinu. Kullum in ya kai kan tudu, inda tasha ke fara bayyana, sai ya kashe muryar na'urar da ke yi wa baƙi bayani, ya ɗauki lasifika da kansa. Daga gadon asibiti ya kira ta a waya ya sa ta yi alkawarin ba za ta fasa ba, har ya sa ta rubuta kalmomin. Ta zaro takarda daga aljihun riga ta karanta, tana mayar da ita harshenmu:

"Jama'a, in kun sauka ku nemi jirgi mai jan gashin baki, guda ɗaya ne. Mai shi ya fi kowa sanin ruwan nan. Fuskarsa a murtuke take, kada ta dame ku, haka aka haife shi. Amma kada ku ce direba ne ya aiko ku. Ba ya shiri da direbobi."

Babu wanda ya taɓa jin wannan a garin, don ɗan tsibiri ba ya hawa motar baƙi. Zaren, da ke tsaye da lasifikarsa a hannu, ya aje ta a kan benci ya cire hula. Pawlina ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce ko ta faɗi abin da bai dace ba ne. Zaren ya nuna mata goshin jirgin da ke gabanta, ya gaya mata ma'anar baƙin, da wanda aka yi shi dominsa. Ta rufe baki da takardar.

Wenzu ya miƙa hannu, ta ba shi takardar, ya daɗe yana kallonta ko da yake ba ya karanta Turanci, sannan ya mayar mata.

Da la'asar ya je gidan Rozina, karo na farko a shekara goma sha biyar. Ta ce ta sani tun farko, rantsar da ita ya yi. Ya tambaye ta zancen asibiti. Ta ce gaskiya ta faɗa masa, Kelinu bai ce ya zo ba. Abin da ya ce shi ne, "Kada ki tayar da shi yanzu, Asabar da Lahadi ne ranakun cinikinsa. In na fito ma gaisa." Ita kuma a ranar ta kasa faɗin sauran, don rantsuwar tana bakinta, kuma ba ta zaci kwanan ya ƙare ba.

Kwana biyu bayan haka Wenzu ya shiga motar haya zuwa birni, ya sayi tikitin bas ɗin baƙi, ya zauna a kujerar da ke bayan direba, tsakanin wasu tsofaffi masu jar fata da hulunan rana. Ya zaga rabin tsibirin da bai taɓa gani ba yana ɗan shekara sittin da takwas. Da suka kai kan tudu Pawlina ta rage gudu. Tashar ta buɗe a ƙasa, jirage jere kamar an zuba su a faranti, duk ruwan ɗorawa, sai ɗigo ɗaya mai duhu kusa da matakala. Daga wannan kujerar, in ja ne, shi ido zai fara kamawa. Pawlina ta kai hannu kan lasifika, ta dube shi a madubi, ta janye hannun. Ranar muryar na'ura ce ta kai su har coci.

Yanzu shekara biyu ke nan, gashin bakin yana nan baƙi, ya wuce wa'adin al'ada kuma ba wanda ya iya yi masa magana. Pawlina ta gyara kalma ɗaya a takardarta, ja ya koma baƙi, benci ya koma cika. Sha ɗaya da minti ashirin Wenzu ya daina naɗin igiya. Tsayawa yake ya fuskanci bas ɗin har ya gama sauke mutane.

Na bi shi zagaye ɗaya a kakar bara, ni kaɗai ɗan gari a cikin baƙi. Da ya kashe inji a bakin tasha na matsa kusa da shi na tambaye shi abin da ya daɗe a raina.

"Kawu Wenzu, da ka san abin da yake yi tun yana da rai, da ka je ka yi masa magana?"

Ya amsa yana kallon ruwa.

"Da na sani, ɗana, da a ranar zan shafe jan nan in yi ruwan ɗorawa kamar na kowa, don kada a ce Bokiti ne ke ciyar da ni. Shi ya sa bai bari na sani ba. Ƙanena ne, ya san ni."