Ranar da Tasalla Ta Fita da Kasko

A Illela, zamanin da Nasara suka shata iyaka tsakaninmu da Ƙonni, in ka tambayi gidan da wuta ba ta mutuwa, ko akuya sai ta nuna maka gidan Tasalla mai kunu. Dukiya dai babu, kyau kuma kada mu ɗauki alhaki. Abin da Allah ya ba ta biyu ne, murhu da baki.

In an sauke tuwo, sai ta zaɓi garwashi mai rai ta jingina shi da kututturen kirya, ta ɗora busasshen kashin shanu, ta lulluɓe da toka, ta bar 'yar kafa kamar hancin ɓera don ya sha iska. Gari na wayewa ta tone, ta hura a hankali, ta ba shi ciyawa kafin kara, kara kafin itace. Takan ce wuta jaririya ce, ba a fara mata da tuwo. Da surukinta ya kawo mata ashana daga Ƙonni, tsakuwa ta ɗora a kai ta ce tsinken malalata ne.

Kullum safiya mata na zuwa ɗiban wuta da kasko. Ba ta taɓa hana kowa ba, amma ba wadda ta tafi ba a haɗa mata da magana ba. Wadda ta fi sha ita ce Asta, Bafillatana mai nono da ke bayan gidan.

"Ke 'yar Fulani, shanunki na ba ni abincin wuta, ke ko taki ta mutu da yunwa?"

Asta sai ta yi dariya ta miƙa kaskonta.

Wata damina 'yar Tasalla, Raliya, ta zo gida daga Garu wankan haihuwar fari. Mai jego kuwa sai ruwa mai tafasa, in ba haka ba sanyi ya shige ta, a daɗe ana magani. Itace duk ya jiƙe, tukunya ta ƙi tafasa. Da yamma Tasalla ta dubi 'yarta, ta dubi kututturen nan nata, ta tura shi gaba ɗaya ƙarƙashin tukunya. Ruwa ya yi zafi, aka yi wanka. Abin da ta binne ranar garwashin kara ne, shi kuwa ba ya kwana.

Da safe ta sa hannu cikin toka, sanyi ƙalau. Ta hura har fuskarta ta yi fari. Ta lallaɓa ta ɗaga tsakuwa, ashana ta sha raɓa, kawunanta sai marmashewa suke. Daga ɗaki Raliya ta ce, "Inna, ruwan ya yi?"

Tasalla ta miƙe. Ba ta ma da kaskon ɗiban wuta, sai da ta zubar da ruwan kaji ta ɗauki kaskonsu, ta nufi gidan Asta.

Asta na ganinta ta aje ƙwarya. "Mi nika gani? Sarauniyar murhu da kaskon kaji?"

"Ba ni wuta, ɗiyata na jira. In magana ce, ki bi ni da ita gida."

Asta ta tone murhunta, sai ga garwashi ja jikin ɗan kututture, da kashin shanu, har da 'yar kafar iska.

"Wa ya koya maki hakanga?"

"Bakinki. Kuma wutakki ta, jiya na ɗebo."

Tasalla ta koma tana kare kaskon da gefen zane, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Kafin hantsi tururi ya tashi bayan ɗaki, Raliya na ihun zafi, uwarta na cewa haka ake so.

Bakin nata bai mutu ba, kada ma ku sa rai. Sai dai tun daga ranar, in ta zuba wa mace garwashi takan ƙara mata ɗan guntun kirya, ta ce, "Ki riƙe mini da kyau."