Nonon Matar Direba

Ɗana na fari yana da wata biyar aka ba ni gurbi a kwalejin horon malamai mata a Birnin Kebbi. Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba, ana neman malamai mata ruwa a jallo, don haka aka yi mana tsari na dabam mu da muka riga muka fara aiki. Da safe mu koyar a firamare, bayan azahar mu koma mu zauna a benci a koya mana. Maigidana malamin gona ne a Argungu, ba shi da halin barin aikinsa. Shi ya amince in tafi. Mahaifinsa, wanda malami ne mai karantarwa a zaure, ya sa albarka. Surukata kuwa cewa ta yi Allah shi kiyaye hanya, ta ci gaba da tsintar shinkafarta ba ta ɗago ba.

Aka haɗa ni da gwaggona ta Gulma don ta riƙe mini yaro. Mako uku ta yi. Da yankan shinkafa ya kama, ta ɗaure kayanta ta ce gonarta ba ta jiran boko.

Gidan da na kama haya na wata tsohuwa ne, kowa Inna yake ce mata. Ɗakuna uku ne a jere: nata, nawa, sai na wani direban ma'aikatar ayyuka da matarsa. Mutanen duwatsun wajen Jos ne, Kiristoci. Mijin kullum yana kan hanya. Matar doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana goyon 'yar wata bakwai. Hausarta irin tasu ce, mace ma “ka” take ce mata. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai ran da gwaggo ta tafi, ta same ni tsaye a tsakar gida da yaro a kafaɗa da littattafai a hannu, ban san inda zan sa kaina ba.

“Malama, kawo shi,” ta ce. “Ɗaya da biyu duk raino ne.”

Na dubi ɗakin Inna. Tana zaune a bakin ƙofa tana kaɗi, ba ta ce kawo shi nan ba. Na miƙa wa matar direba.

Haka rayuwa ta tsaya mini. In shayar da shi da sassafe, in dama kunu in zuba a kwanon sha in miƙa mata tare da shi. In koyar da 'yan aji biyu har rana ta take, in sheƙo gida in ba shi nono, in yi salla, in cusa abin da na samu a baki, in kama hanyar kwaleji. Sai gab da magariba nake dawowa. Makon farko tun daga bakin zaure nake jiyo kukansa, muryarsa duk ta dushe, kunun kuma yana nan yadda na bar shi. Matar direba ta ce in ta kai masa cokali baki sai ya ture.

A mako na biyu kukan ya ɗauke. Da fari na gode wa Allah. Sai na fara lura. In dawo da rana nonona ya cika ya yi tauri, har ya jiƙe tsumman da nake sawa a cikin riga, in tarar da yaro yana barci shame-shame. In na tashe shi ya kama kaɗan ya saki, ya kawar da kai. Yaron da ya wuni rabin yini bai ci ba, ya ƙi nonon uwarsa. Na duba kwanon, kunu na nan.

“Bai sha kunun ba?” na tambaye ta.

“Ya sha kaɗan.”

Washegari aka maido mini da kwanon a wanke tas. Jibi ma haka. Ran nan na zagaya bayan makewayi in shanya tsummokinsa, sai ga kajin Inna sun taru suna tsattsagar wani abu a gindin katanga. Kununa ne. Na san shi, don ni kaɗai ke sa tsamiya da yawa haka a gidan.

Ban yi mata magana ba. Inna ce ta kira ni da yamma, ta ja ni cikin ɗakinta, ta sauke murya.

“Ɗiyata, ke dai ki buɗe ido. Yaro ɗan wata shida shi yi kwana tun hantsi har azahar, mi aka ba shi?”

“Inna, me kika gani?”

“Ni ban ga komi ba. Asabari ta kan saki in kin hita. Amma mutanen ga da giya sunka tashi. Ɗigo guda bisa halshe, sai kwana.”

Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. In na karɓi yaron sai in shige ɗaki in shinshina bakinsa. Ƙanshin nono nake ji, amma na ce ai nawa ne na safe. In buɗe idonsa in duba ko ya yi ja. In shafa kansa in ji ko da danshi, don wata abokiyar karatuna ta ce mini suna yayyafa wa jarirai ruwan cocinsu. In laluba wuyansa in tabbatar layar da kakansa ya ɗaura masa tana nan. Komai yana nan daidai, yaron ma sai ƙiba yake yi, cinyoyinsa har sun fara ninkewa. Wannan ƙibar ma ta zame mini abin tsoro. Na taɓa jin an ce masu shan giya kumbura suke yi.

Matar direba kuma ta canza. Da can in na shigo takan fito da shi ta tare ni. Yanzu sai na yi sallama sau biyu, in ji motsi a ciki, sannan ta ɗaga asabari tana gyara ɗaurin zane. Ba ta haɗa ido da ni. Na leƙa ɗakinta sau ɗaya da sunan aron ludayi, na ga wata kwalba a ƙarƙashin gado. Kwana biyu kwalbar nan tana raina, kafin na ga ta fito da ita tana zuba kananzir a fitila.

Karatu ya fara zame mini. Baturiyar da ke koya mana dabarun koyarwa ta kira ni sau biyu ina kallon taga. A gwajin lissafi na zo ta kusa da ƙarshe, ni da ban taɓa wuce ta uku ba. A firamare kuma na rubuta wa yara kwanan watan jiya a allo, sai da wata yarinya ta ɗaga hannu. Na yi tunanin kai wa Inna yaron, amma Inna hannunta rawa yake yi, ba ta kuma taɓa cewa a kawo ba. Na yi tunanin goya shi zuwa aji, doka ta hana. Kowace safiya da hannuna nake miƙa ɗana ga matar da nake zargi, har in ce mata na gode.

Ran wata Juma'a na ce wa hedimasta kaina na ciwo, na fito tun hutun tara. A zaure na cire takalmi na riƙe a hannu. Inna ba ta tsakar gida. Asabarin matar direba a sake yake. Na ji tana rera wata waƙa a hankali da yarensu. Na sa yatsa na ɗaga gefen asabarin.

Tana zaune a tabarma ta jingina da bango, zane a kugu. 'Yarta na kama da nonon dama, ɗana na kama da na hagu, ya ɗora ƙafarsa a kan cikin yarinyar, yana zuƙa har da lumshe ido.

Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ba. Na fizge shi, ya tsala ihu, 'yarta ma ta kama.

“Wa ya sa ki? Wa ya ba ki izini?”

Ta jawo zane ta rufe ƙirjinta. “Malama, ka yi haƙuri. Yana kuka har ya shiɗe. Kunu ba ya sha. Ni ina ba nawa, shi yana kallo. Yaya zan yi?”

“Sai ki ɓoye mini? Ki riƙa zubar mini da kunu a bayan makewayi?”

“Inna ya ce kar in faɗa. Ya ce in ka sani, mutanenku za su kai mijina gaban alkali.”

Na tsaya da yaro a hannu yana ta zillo yana miƙa hannu wajenta. “Inna ta san kina ba shi nono?”

“Tun ranar farko. Shi ya gan ni.”

Na koma ɗakina na rufe. Na ba shi nawa, ya ƙi, don a ƙoshe yake. Ranar ban je kwaleji ba. Ni kaina ban san abin da nake ji ba. Ba giya ba ce, wannan na gode. Amma ƙafar nan tasa da ya ɗora a kan yarinyar, kamar wanda ke gidansu, ta tsaya mini a rai. Ga kuma maganar Inna. Ko matar direba ƙarya ta yi mata don ta kare kanta, ko tsohuwar ce ta dube ni ido cikin ido ta ce ba ta ga komai ba.

Asabar da safe na goya shi na shiga motar Argungu, a kan buhunan albasa. Tun daga Ambursa nake shirya yadda zan faɗa wa maigida ba tare da maganar ta kai kunnen uwarsa ba. Wahalar banza na yi. Ko ruwa ban gama sha ba surukata ta karɓi yaron, ta juya shi gaba da baya.

“To, ga shi nan ya yi ɓul-ɓul,” ta ce. “Nonon baƙi ya karɓe shi.”

Na ajiye kwanon ruwan. “Wa ya gaya muku?”

“Kin aza ba mu da kunne? Yau kwana goma da munka ji. Muna jira mu ga ko za ki hwaɗi da bakinki.”

Kwana goma. Ni kuwa jiya na sani. Na rantse mata, ta taɓe baki. A ganinta ni na shirya abin, don kada shayarwa ta hana ni boko. Maigida yana tsaye a bakin ƙofa, bai ce na yi ba, bai ce ban yi ba. Shi ma da ya zo Birnin Kebbi makon da ya wuce ya sani ke nan, ya ci tuwona ya koma bai ce uffan ba. Surukata ta ce a bar mata yaron, ta yaye shi da kunu. Na ce wata bakwai bai cika ba. Magana ta yi tsawo har aka kai ta zaure.

Surukina ya saurare mu duka, ni ina durƙushe daga bayan ƙofa. Ya tambaye ni ko matar tana shan giya. Na ce ban taɓa gani ba, na kuwa bincika. Ya tambaya ko lafiyayya ce. Na ce ƙalau. Ya tambaya abin da take goyo, na ce mace.

“To, abin da ya wakana ya wakana,” ya ce. “Ko sau ɗaya ya sha, ta zama uwa tai. Ɗiyar nan 'yar'uwa tai ce, babu aure tsakaninsu har abada. Ku riƙe wanga, ku gaya mai in ya girma. Addininta bai ɓata nono ba. Laihinta ɓoyewa, kuma tsoro ya sa ta.”

Surukata ta fara magana, ya ɗaga hannu. Ya sa aka auno shinkafa aka haɗa da busasshen kifi, ya ce in kai wa matar, mai shayar da biyu sai ta ci.

Lahadi da yamma na dawo. Matar direba ba ta daɗe da dawowa daga coci ba, tana wanke-wanke. Da ta gan ni ta miƙe tsaye, hannunta duk kumfa. Na ajiye kayan a gabanta na gaya mata abin da surukina ya ce. Ba ta gane maganar 'yan'uwantakar ba sai da na maimaita. Ta dubi yaran biyu, ta yi dariya a karo na farko tun da na san ta.

“Ashe na haifi namiji ban sani ba.”

Na ce mata daga yau asabari a ɗage, kuma da rana kada ta ba shi in an kusa tashi daga makaranta, ta bar mini rabona. Ta ce to.

Inna ta leƙo ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi mutanen Argungu ɗaya bayan ɗaya. A cikin tambayar ne ta ambaci wata mai sayar da daddawa, maƙwabciyar surukata, ta ce 'yar ƙanwarta ce. Kusan wata biyu ina gidan ban taɓa jin tana da kowa a Argungu ba. Nan na gane ta hanyar da maganar ta kai kunnen surukata. Na dube ta, ta ci gaba da murza mazarinta.

Ban tambaye ta ba, har yau kuma ban san dalilinta ba. Na kan ce ko so take direban ya bar mata ɗakin, don daga baya na ji tana cewa ɗanta zai yi aure. Na kan ce ko kuwa ta tsani ganin mace na fita da littafi ne. Wata rana kuma in ce wataƙila tsufa ne kawai da zaman banza. Abin da na yi shi ne na daina shanya maganata a tsakar gida. In maigida ya zo, sai mun rufe ƙofa muke hira, shi ma kuma na daɗe ban sake masa jiki kamar da ba.

Na ci jarrabawar shekarar farko da ƙyar, ta biyu da sauƙi. Tare muka yaye yaran, rana ɗaya, muka shafa maɗaci mu biyu, suka wuni suna kuka suna bin mu daga wannan ɗaki zuwa wancan. Saura wata biyu in gama aka yi wa direban canjin wurin aiki zuwa can gabas. Da motar ma'aikatarsu ya kwashe kayansu. Ɗana ya bi motar da gudu har bakin titi, tsirara, sai da na kamo shi. Ta aiko mini da saƙo sau ɗaya ta bakin wani direba, cewa sun sauka lafiya kuma ta sake haihuwa, namiji. Na ba ɗan saƙon kifi ya kai mata. Ban sani ba ko ya kai.