Cenning da Kududdufan Ubanta

A Ujung Salo, in ka tambayi gidan Cenning, yara za su ce maka, "Wace? Mai taɓo?" Sunan ya bi ta har gidan miji, ita kuma ba ta taɓa nuna ya dame ta ba.

'Yar Ambo Sakka ce, auta, daga wanta Jufri sai ita. An haife ta a gidan katako mai tsaye a kan turaku, lokacin da jatan lande ke tashe. A shekarun nan duk namijin da ke da gatari a garin sai da ya sare rabonsa na dajin bakau, itatuwan nan masu tsayawa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje, ya haƙa kududdufi ya kewaye shi da madatsar laka. Ambo Sakka ma ya haƙa nasa, jere a bakin teku. Da su ya rufa gidansa da kwano, da su ya sayi babur, har ya fara zancen Makka. Sai ciwo ya faɗa wa jatan landen. Mutum ya wayi gari ya tarar duk sun taso saman ruwa, matattu. Aka koma kiwon kifin bolu, shi ma bai yi abin kirki ba. Kafin Cenning ta gama firamare, yawancin kududdufan sun zama ruwan kwance mai wari, ba abin da ke ƙaruwa da su sai sauro.

Daga nan uwarta Halija ce ta riƙe gidan. Takan shiga ɗan ragowar bakau da ke bakin kogi da ƙugiyar ƙarfe, ta zaro ƙaguwa daga rami, Cenning na biye da ita da kwando. A nan yarinyar ta koyi ɗaure ƙaguwa ba tare da ta datse mata yatsa ba, a kasuwa kuma ta koyi baki, don Halija ba a kayar da ita a ciniki. Shekarar da Cenning ta gama sakandare Halija ta rasu, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Da aka yi sadakar arba'in, Cenning ta haɗa kayanta ta tafi birnin Makassar, ta sami aiki a shagon sayar da wayoyi. Ta ce wa ƙawayenta ita da laka sun yi bankwana.

Ta yi shekaru a can, sai da Sallah take leƙo gida. Wata rana tana tsakiyar ciniki Jufri ya kira ta.

"Ki taho," ya ce. "Teku ta cinye gefen maƙabarta. Za a ɗaga kabarin Mama."

Garin da ta tarar ba wanda ta bari ba ne. An shimfiɗa kwalta, ana gina tashar jiragen ruwa can gaba da su, baƙi sun cika ko'ina suna neman ɗakin haya. Amma a maƙabarta, katangar simintin da aka yi don tare ruwa ta kife, igiyar ruwa na shiga ƙarƙashin kaburbura tana yashe su. Maza suka tona, suka naɗe abin da suka samu cikin sabon likkafani, suka hau da shi tudun bayan masallaci. Mata na tsaye daga nesa. Ambo Sakka bai iya tono ba, yana zaune a kan kututturen kwakwa yana kallon ruwa. Cenning ta zo ta durƙusa kusa da shi.

"Da can daga nan ba a hango teku," ya ce. "Daji ne baƙi ƙirin."

Ba ta koma Makassar ba. Ta kafa rumfa a gefen sabuwar hanya tana gasa kifi, leburorin tashar jirgi na saye da shinkafa. Da yamma samarin gari kan taru a nan bayan ƙwallo, ita kuma ta sa su a gaba.

"Ku ƙattai, duk ƙarfinku a ƙwallo ya ƙare? Ruwa na cin kakanninku kuna ihun an ci ƙwallo."

"To me za mu yi, mu shanye tekun?" in ji Ical, wani mai kwale-kwale da ba ya rabuwa da barkwanci.

"Da cikin nan naka ai za ka iya."

Daga wasa magana ta zama gaske. Risna, ƙawarta tun ƙuruciya wadda ke koyarwa a firamare, ta kawo 'yan mata, Ical ya kawo 'yan ƙwallo. Suka kafa ƙungiya, suka ɗora Cenning a gaba. Suka bi bakin kogi suka tsinto 'ya'yan bakau, dogaye kamar kwanson wake, suka cakka su layi-layi a gaɓar da ke gaban tsohuwar maƙabarta. Mai gari ya zo ya yi jawabi, aka ɗauki hotuna. Da iskar yamma ta taso, igiyar ruwa ta share kusan duka. Waɗanda suka tsira daga can sama kuma awaki suka cinye.

Tsofaffin da ke zama a ƙarƙashin gidan liman suka sami abin hira.

"Cenning, yaya gona? An fara girbi?"

"Puang," ta ce, da kiran girmamawar da ake yi wa manya, "ai awakinku sun riga mu. In an yanka a aiko mana da kasonmu."

Tana ba da amsa tana dariya, amma abin na cin ta. Suka sake dasawa a shekara ta biyu, da turakun gora a jikin kowane dashe. Ruwa ya tafi da dashen, ya tafi da gorar. Rabin 'yan ƙungiya suka zame.

Ical ne ya dawo da su kan hanya, ba da niyya ba. Ya je neman abin ɗana wa ƙugiya a kududdufin wani mutum da ya daɗe da rasuwa, wanda madatsarsa ta rushe ba mai gyara. Ya dawo rumfa da gudu, laka har cinya.

"Ku zo ku ga gonar da ba ta da manomi!"

Suka je. Cikin kududdufin bakau ne tsaye cunkus, wasu sun kai ƙirjin mutum, ba wanda ya dasa su. Ruwa na shiga ta ɓarakar a hankali in teku ta cika, ya fita in ta janye, yana shigo da irin da kansa. Cenning ta daɗe tana kallo.

"Ashe mu muke kai su wurin dukan igiyar ruwa," ta ce. "Nan suke so, inda aka sare iyayensu."

Matsalar ita ce kududdufan nan su ne Haji Mappa ke saye. Ɗan gari ne, da sayar da ƙanƙara ya fara, mutum mai faran-faran wanda ya rufa wa masallaci kwano. Yakan cika kududdufi da jar ƙasa ya jera gidaje a kai don ma'aikatan tashar jirgi. Jufri ne ke tuƙa masa katafila. Kuma ya riga ya aiko a tambayi Ambo Sakka ko zai sayar da nasa.

A kan abincin rana maganar ta fashe.

"Ruwan banza ne fa, Cenning," in ji Jufri. "Ambo ya tsufa. So kike ya mutu bai ga Ka'aba ba saboda itace?"

"Daeng," ta ce, yadda ake kiran na gaba da mutum, "ka cika shi da ƙasa, ka gina gida, ka sa 'ya'yan mutane a ciki. Ranar da teku ta ƙwanƙwasa musu ƙofa fa?"

"Sai a yi katanga."

"Irin ta maƙabarta?"

Ambo Sakka ya wanke hannu ya sauka ƙasa, bai gama cin abincinsa ba. Maganar Ka'abar nan ta tsaya wa Cenning a rai. Ta san wanta ba ƙarya ya yi ba, ta kuma san ba ta da abin da za ta ba uban a madadi.

Ta ɗauki Risna suka je wurin Haji Mappa da kansu. Ya sa aka kawo musu shayi da soyayyar ayaba.

"Puang Aji, mu ba gini muke ƙi ba," ta ce. "Ni kaina masu hayarka ne ke cin kifina. Roƙonmu, ka yi gininka daga hanya zuwa tudu, ka bar mana daga hanya zuwa ruwa."

Ya yi dariya har da buga cinya. "'Yata, filin tudu tsada gare shi. Kin gaji uwarki a baki, amma ita dai ta san ba a ciniki da hannu wofi. Ku sha shayinku."

Da suka fito Risna ta ce, "To shi ke nan?"

"Shi kaɗai ne a garin?" in ji Cenning.

Suka shiga bin gida-gida. Ba su yi wa kowa wa'azi ba. Ical ya riƙa ɗibar tsofaffi a kwale-kwalensa, maza da mata, yana kai su kududdufin mamacin nan su gani da idonsu. Wata tsohuwa ta cusa hannu cikin laka ta zaro ƙaguwa, ta ɗaga ta sama tana guɗa. Liman ma ya je ya gani, ranar Juma'a kuma ya yi huɗuba a kan amanar ƙasa, bai kama sunan kowa ba.

Da aka kira taron gari, an yi ta ja-in-ja tun hantsi har la'asar. Masu son sayarwa suna da hujja, akwai mai ɗa a makaranta, akwai mai mara lafiya. A ƙarshe aka tsayar cewa daga tsohon layin kwakwa zuwa teku ba za a ƙara cika ko'ina da ƙasa ba, amma kududdufan gabas da Haji Mappa ya riga ya saya nasa ne, ya yi abin da ya ga dama. 'Yan ƙungiya suka yi ta tafi. Cenning kuwa ta zagaya bayan zauren ta yi kukanta, don gabas ɗin nan shi ne bakin kogin da ta yi ƙuruciya a ciki.

Dokar ta hana cikewa, amma ba ta tilasta wa kowa fasa madatsarsa ba. Ta kuma rufe wa Ambo Sakka ƙofar ciniki, don nasa na cikin yankin. Jufri ya daina yi mata magana. Ita kuma ta kasa buɗe baki ta roƙi uban wani abu bayan wannan.

Wata safiya tana hura gawayi ta hango uban ya wuce da fartanya a kafaɗa. Ta bar wutar ta bi shi. Ya hau kan madatsar da ke fuskantar teku, ya tattare zaninsa irin wanda mazan garin ke ɗaurawa.

"Da hannuna na gina ta," ya ce. "Ba wanda zai fara sara sai ni."

Ya kai sara kaɗan, numfashi ya ƙi. Ta karɓi fartanyar. Kafin rana ta take, samari sun cika wurin. Sai dai madatsar ta shekara da shekaru tana shan rana, ta yi tauri kamar dutse. Suka yi kwanaki suna fama, hannuwa duk sun yi kanta, ɓarakar ba ta kai kwale-kwale ya wuce ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, sai suka ji ruri daga hanya. Jufri ne a kan katafila, fuska a murtuke.

"Puang Aji ya ce a ara muku, amma ku za ku zuba mai."

"Me ya same shi?" in ji Ical. "Ko ya yi mafarki ne?"

"Masu neman gidajensa sun fara tambaya ko ruwa na shigowa." Ya leƙo ya dubi ƙanwarsa. "Ke kuma matsa, kar in kwashe ki tare da lakar."

"Ka iya tuƙin kuwa, Daeng?"

"Tsaya a wurin ki gani."

Kafin magariba ya buɗe duk inda suka nuna masa. Da teku ta cika, ruwa ya gangaro cikin kududdufan, ya tura baƙin ruwan da ya daɗe a kwance. Warin da ya tashi ya kori kowa, banda Ambo Sakka.

Abin bai zo da sauri ba. Shekarar farko laka ce kawai, masu tsegumi suka sake samun abin faɗi. A ta biyu tsiro ya fara leƙowa nan da can, 'yan ƙungiya suka bi suna cike gurabe da dashe. Maƙwabta suka ga haka, wasu suka buɗe nasu. Yau itatuwan sun fi rufin rumfarta tsawo, mata sun koma kamun ƙaguwa, igiyar ruwa kuma takan iso gaɓa a gajiye. Gidajen gabas har yanzu ruwa na leƙa su in teku ta yi babbar cika, shi ya sa da Haji Mappa ya tashi sabon gini, tudu ya nufa ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Jufri da Cenning sun haɗa hannu sun sa sunan ubansu a layin aikin Hajji. Layin dogo ne, yana nan yana jira.

Ta auri Ical, suna da 'ya ɗaya. Tun farko 'yan ƙungiya da kansu suka yi doka cewa wanda ya haura talatin ba ya shugabancin ƙungiya, don haka da lokacinta ya yi ta sauka. Aka zaɓi wata yarinya, Fitra, ɗalibar Risna ta da. Fitra ta zo da shawarar a yi gadar katako ta ratsa cikin dajin, baƙi daga birni su riƙa zuwa kallo, matasa su sami abin yi ba sai sun tafi Makassar ba. Cenning ta ce sam, baƙi za su cika wurin da leda da robar ruwa. Aka ɗaga hannu, aka kayar da ita ƙasa warwas, har da hannun mijinta a cikin na Fitra.

"Shi ke nan, ba ruwana," ta ce. "Ku yi abinku."

Ranar da aka fara aikin ta zo da tukunyar shinkafa da gasasshen kifi, wai abinci kawai ta kawo. Ba ta gama saukewa ba ta hango wani saurayi zai kafa turke a tsakiyar saiwoyi.

"Kai! Idonka a aljihu yake? Matsar da shi hagu!"

Fitra ta ɗago daga inda take auna katako. "Daeng Cenning, ba kin ce ba ruwanki ba?"

"Na ce. Miƙo min gudumar nan. Kuma kwandunan shara fa, ina kuka ce za ku sa su?"