Kwanson Biron Baba

A layinmu, idan bironka ya ƙare ba ka jefarwa, ajiye wa Babanmu kake yi. In kuwa ya tsinci kwanson a kwata, sai ya bi gida-gida har ya gano mai wannan almubazzarancin. Baƙi kan ɗauka wani babban marubuci ne, alhali in ban da sa hannu a takardun makarantarmu, ban taɓa ganin ya yi rubutu ba.

Kafinta ne, amma kada ka kuskura ka kai masa ƙafar benci. Shi aikin ado yake yi. Yana da ɗan inji a shagonsa na ƙofar gida, da shi yake yanka furanni da tsuntsaye a jikin falanki marar kauri. Zartunan injin sirara ne kamar tsinken tsintsiya, ba su kai tsawon biro ba, in ɗaya ya faɗa cikin garin katako sai dai haƙuri. Shi ya sa Baba yake zare hanjin biro, ya zuba su a kwanson ya rufe. Ya samo wani allo ya yi masa huda arba'in da biyu, ya rataye a bango, kowane kwanso da raminsa. Mai shuɗin murfi na zartuna masu manyan haƙora ne, ja na matsakaita, baƙi kuwa na waɗanda sai ka rantse ba su da haƙori. Doka ta ƙarshe, haƙoran kowane zarto su kalli ƙasa, yadda zai zaro ya ɗaura kai tsaye. Mu 'ya'yansa gara a kama mu muna wasa da ashana da a kama mu kusa da allon nan.

Shekara talatin da shida yana wannan aiki, sannan ido ya fara ja da baya. Mun tabbatar ne ranar da ya tsaya ya gaida durom ɗin ruwan maƙwabcinmu, har da tambayar iyali. Yayanmu, babban ɗansa, ya kai shi asibiti da ƙyar, aka yanka masa tabarau. Baba ya ce idon da ya ga haihuwar Yaya bai kai ga neman ɗan jagora ba, ya wurga shi a aljihun tebur. Mama ta ɗauke, wai don zura zare a allura.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, “Baba, duk ranar da na tabbatar ba ka bambance zartunan nan, wallahi kwaɗo zan sa wa shagon. Ba zan jira inji ya cire maka yatsa ba.” Na ga fuskar Baba a lokacin, kuma na tsorata. Mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai ya leƙa ya shafa injinsa, in aka rufe shagon nan an gama da shi.

Abin mamaki, allon bai taɓa rikicewa ba. Sai wata safiya, Baba na wanka, na leƙa shago na tarar da Mama sanye da tabaransa, ta zazzage kwansuna tana rarrabewa. “Rufe mini baki,” in ji ta. “Kullum sai ya cakuɗa su kamar kayan gwanjo. Shekara biyu ke nan ina gyarawa, bai sani ba.”

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Asabar Yaya ya zo, ya zare kwanso uku, shuɗi da ja da baƙi, ya juye su a faranti ya motsa da yatsa. “Bismillah, Baba. A mai da kowa gidansa.”

Baba ya gyara zama, ya ɗauki ɗaya ya ɗaga sama kamar mai duban wata. Mama na bakin ƙofa da tabarau a hanci. Da ya nufi shuɗi ta yi shiru, ya saka. Ya ɗauki na biyu ya sake nufar shuɗi, sai ta yi tari. Ya koma ja, ta yi shiru. Haka suka yi ta yi, shi yana lalube, ita tana tari, har garin katako ya shiga maƙogwaronta tarin gaske ya sarƙe ta. Baba ya kai hannu shuɗi, tari. Ya kai ja, tari. Ya kai baƙi, tari har da hawaye. Ya tsaya da zarto a hannu ya rasa gidan da ya rage.

“Mama, in kawo ruwa ne, ko a bari a gama jarrabawar?” in ji Yaya. Ni dai na toshe baki da mayafi. Amma da na ga ya ciro kwaɗo daga aljihu, dariyar ta maƙale.

Baba ya ajiye zarton a hankali. “Ba ta ruwa,” ya ce wa Yaya. “Shekara biyu tana gyara mini allo, tana zaton ban sani ba. Rarrabewa kam ta iya, amma duk haƙoran sama take sa su kalla. Kowace safiya sai na bi da farce na juya su.”

Mama ta saki baki. “To me ya hana ka magana, Malam?”

“In na yi magana ai na amsa ba na gani. Kuma da kin daina shigowa shagon.”

Ya miƙa mata hannu. Ta cire tabaran ta ba shi, ya saka, ya rarrabe farantin tas cikin minti biyar. Yaya ya mai da kwaɗonsa aljihu. Sannan Baba ya ɗago ya daɗe yana kallon Mama.

“Ikon Allah,” ya ce. “Ashe kin yi furfura.”

“Rabinta a kan allonka na yi ta,” in ji ta, tana goge ido da bakin zane.

Washegari Baba ya kafa ƙusa a gefen allon don rataye tabarau. Mama kuwa har yau da safe takan shiga ta juya masa zarto biyu ko uku haƙora sama, shi kuma ya bi ya gyara, bai taɓa cewa komai ba.